Samar Da 'Yan Tayi Daga Ƙwayayen 'Ya'yan Tumaki: Yadda Ake Yi Da Lissafin Ribarsa

A yadda aka saba a harkar kiwo, tunkiya ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara guda, a wasu garkunan ma sai ta shekara biyu. Amma tun cikin shekarun 1990 masana kiwon dabbobi a ƙasar Ostareliya suka fito da wata dabara wadda ke sa 'yar tunkiya mai mako shida zuwa takwas da haihuwa, wadda ko yaye ta ba a yi ba, ta zama uwar 'ya'ya masu yawa ba tare da ta ɗauki ciki ba. Ana ɗebo ƙwayayen haihuwa daga cikinta, a haɗa su da maniyyin rago a ɗakin gwaje-gwaje, a rena 'yan tayin da aka samu har kimanin mako guda, sa'annan a dasa su a mahaifar manyan tumaki waɗanda za su ɗauki cikin su haife. Masana suna taƙaita sunan wannan dabara da JIVET. Tun da cikin tunkiya yana ɗaukar kimanin kwana 150, ke nan 'ya'yan za su faɗo duniya uwarsu ta asali tana da wata shida da 'yan kwanaki, wato lokacin da sa'o'inta ke shirin balaga.

Tambayar da ta shafi tattalin arziki ita ce: me zai sa makiyayi ya kashe kuɗi masu yawa don ya rage 'yan watanni kawai, alhali in ya yi haƙuri tunkiyar za ta girma ta haihu da kanta?

Halin da kasuwar ulu ta shiga

Ba a banza wannan bincike ya fi ƙarfi a Ostareliya ba. A shekarar 1970 ƙasar tana da tumaki kimanin miliyan 180, kuma ulun da ake aske wa tumakin Merino ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin musaya na ƙasar. Hukumar ulu ta ƙasar tana da wani tsari na tsayar da mafi ƙarancin farashi, inda take saye duk ulun da bai kai wannan farashi ba a kasuwa. A shekarar 1988 aka ɗaga farashin zuwa santi 870 a kan kowane kilo. Da masu saye na ƙasashen waje suka ja da baya, sai hukumar ta ci gaba da saye da kuɗin rance har ta tara dila miliyan 4.7 a rumbunanta. A watan Fabrairu na 1991 tsarin ya rushe, aka kuma harbe tumaki kimanin miliyan 10 saboda ba su da kasuwa. Sai a shekarar 2001 aka gama sayar da ulun da aka tara.

Daga wannan lokaci makiyayan ƙasar suka fahimci cewa yawan tumaki ba zai ƙara fisshe su ba. Kasuwa ta koma biyan kuɗi mai tsoka ga ulu mai laushi, wanda kaurin silinsa ya gaza maikiron 19, naman 'ya'yan tumaki kuma ya yi daraja a kasuwannin Amurka da Gabas ta Tsakiya da Sin. Garken ƙasar ya ragu zuwa ƙasa da rabin abin da yake a da. Saboda haka duk makiyayin da ke son ya ci gaba da sana'ar dole ne ya canja irin tumakin da ke hannunsa, kuma ya canja su da sauri. Wannan bukata ta sauri ita ce ta ba dabarar muhimmanci.

Lissafin inganta iri

Tun shekarun 1930 masanin Amurka Jay Lush ya yaɗa wani lissafi wanda har yau masu inganta irin dabbobi suke aiki da shi. Ci gaban da garke ke samu a kowace shekara ya dogara ne kan abubuwa huɗu. Na farko shi ne tsananin zaɓe, wato ko ana ɗaukar dabba ɗaya cikin ɗari don ta zama iri, ko kuwa hamsin cikin ɗari. Na biyu shi ne daidaiton zaɓen, wato ko dabbar da aka zaɓa da gaske tana ɗauke da kyakkyawan gado, ko kuwa abinci ne kawai ta fi samu. Na uku shi ne yawan bambancin gado da ke tsakanin dabbobin garken. Waɗannan ukun ana ninka su da juna, sa'annan a raba abin da aka samu da abu na huɗu, wato tazarar zuriya, ma'ana matsakaicin shekarun iyaye a lokacin da aka haifi 'ya'yan da za su gaje su.

Tun da rabawa ake yi da tazarar zuriya, rage ta da rabi daidai yake da ninka ci gaban kowace shekara, muddin sauran ukun ba su taɓu ba. A garkunan Merino wannan tazara takan kai wajen shekara huɗu, domin tunkiya takan fara haihuwa tana da shekara biyu, ta ci gaba har ta kai biyar ko shida.

A ɗauki misali don fahimta kawai. In kowace zuriya tana fin iyayenta nauyin ulu da kashi 4 cikin ɗari, kuma zuriyar tana ɗaukar shekara huɗu, ci gaban shekara kashi 1 ne cikin ɗari. In aka rage tazarar ta koma shekara guda, ko da ribar kowace zuriya ta faɗi zuwa kashi 2 saboda an yi zaɓen cikin gaggawa, ci gaban shekara ya zama kashi 2, wato ninki biyu. Kuma ci gaban gado ba ya gushewa kamar ƙibar da abinci ke kawowa. Abin da aka samu bana yana zama tushen da za a ɗora na baɗi a kai, kamar jarin da ake mayar da ribarsa cikinsa.

Akwai wani wuri da masu tallar dabarar sukan tsallake. Tazarar zuriya matsakaici ce tsakanin ɓangaren uwa da na uba. In aka mayar da ta uwa rabin shekara amma aka ci gaba da amfani da maniyyin rago mai shekara uku, matsakaicin zai tsaya a shekara ɗaya da wata tara. Sai an haɗa da ƙananan raguna, waɗanda kan fara ba da maniyyi suna da wata shida zuwa bakwai, kafin a ga cikakken amfanin.

Dalilin da ya sa ake zaɓen 'yan ƙanana

Ana haihuwar tunkiya da dukan ƙwayayen da za ta mallaka a rayuwarta, dubun-dubatarsu, a cikin ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Duk da wannan tarin dukiya, da wuya tunkiya ta haifi 'ya'ya fiye da goma a tsawon rayuwarta. Sauran ƙwayayen suna lalacewa ne a hankali. Kowane ƙwai yana girma a cikin wata 'yar jaka mai ruwa. Bincike da aka wallafa a 1974 a kan 'ya'yan Merino ya nuna cewa yawan waɗannan jakunkuna masu girma yana hawa sosai bayan haihuwa, ya kai ƙololuwa tsakanin mako huɗu zuwa takwas, daga nan ya sauka. Ma'ana, akwai wani ɗan gajeren lokaci da 'yar tunkiya ta fi uwarta yawan ƙwayayen da za a iya ɗiba. Babbar tunkiya takan ba da kimanin goma a ɗiba guda, 'yar tunkiyar da aka yi wa allura kuwa takan ba da gommai, wani lokaci fiye da ɗari.

Dabarar ta ginu ne a kan ayyukan da suka gabace ta. A 1890 Walter Heape na Ingila ya ɗauke 'yan tayi daga wata zomanya ya dasa wa wata, ta kuma haife su. A 1972 masana a Kambirij suka haɗa wani ruwa mai kama da na bututun mahaifar tunkiya, wanda ake iya renon ɗan tayi a cikinsa a wajen jiki. An haifi ɗan maraƙi na farko da aka haɗa ƙwansa a ɗakin gwaje-gwaje a Amurka a 1981, 'ya'yan tumaki na farko kuma suka biyo baya a Kambirij cikin shekarun 1980. A 1992 David Armstrong da abokan aikinsa a Adelaide suka ba da rahoton samun haihuwa daga ƙwayayen 'yan maruƙa, daga nan aka juya ga 'ya'yan tumaki. Cibiyar bincike ta Turretfield da ke arewa da Adelaide, inda Simon Walker da Jennifer Kelly suka yi aiki, ita ce ta fi daɗewa tana gyara dabarar. A tsibirin Sardiniya na Italiya, inda ake kiwon tumaki don madara da cuku, Grazyna Ptak da Pasqualino Loi da abokansu sun wallafa a 1999 cewa sun sami 'ya'ya daga 'yan tumaki masu wata guda.

Yadda aikin yake gudana

Ana fara yi wa 'yar tunkiyar allurar homon ɗin da ake kira FSH, sau da yawa cikin kwana biyu zuwa uku, galibi tare da wani homon da ake tacewa daga jinin goɗiya mai ciki. Waɗannan suna sa jakunkunan su kumbura gaba ɗaya. Sai likitan dabbobi ya sa ta barci, ya tsaga ƙasan cikinta kaɗan, ya zuƙe ruwan kowace jaka da siririyar allura, ya ɗinke. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake tsince ƙwayayen daga cikin ruwan, a ware waɗanda ke lulluɓe da ƙwayoyin da ke ciyar da su.

Ƙwayayen da aka ɗebo ba su nuna ba tukuna. Ana ajiye su kimanin awa 24 a na'urar ɗumama a kan zafin digiri 38.5, wanda ya yi daidai da zafin jikin tunkiya, kafin a zuba musu maniyyin ragon da aka zaɓa, wanda yawanci daskararre ne aka narkar. Washegari ake wanke su a mayar da su ruwan reno. Ƙwan da ya karɓi maniyyi zai rabu gida biyu, huɗu, takwas, har ya zuwa kwana shida ko bakwai ya zama ɗan dunƙule mai rami a tsakiya. A wannan mataki ake dasa shi.

Tun kafin nan an riga an shirya iyayen aro. Ana sa wa manyan tumaki wani soso ko wata 'yar na'ura mai homon na kwana 12 zuwa 14, a cire a rana ɗaya, domin jikinsu ya zo daidai da kwanakin 'yan tayin. Galibi ana dasa biyu a kowace uwa. Uwar aro ba ta ba ɗan komai na gado, don haka tunkiya mai arha amma lafiyayya ta isa.

Inda ake asara

A kowane mataki adadi yana raguwa, kuma a nan ne ribar take tabbata ko ta rushe. A ɗauki wani misalin na lissafi: an ɗebo ƙwai 80, 60 ne suka cancanci reno, 45 suka fara rabuwa, 18 suka kai matakin dasawa, aka raba wa iyayen aro tara, a ƙarshe aka sami 'ya'ya bakwai a raye. Kuɗin allurai, na fiɗa, na ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na ciyar da iyayen aro tara har wata biyar, duk a kan waɗannan bakwai ɗin za a raba su. Rabinsu kuma maza ne. In da 'yan tayin da suka kai matakin dasawa tara ne maimakon 18, kuɗin fiɗa da na ɗakin gwaje-gwaje da ya hau kan kowane ɗa zai ninka.

Babbar matsalar da bincike ya yi ta tabbatarwa ita ce, ƙwan 'yar tunkiya bai kai na babba ƙarfi ba. Ya fi ƙanƙanta, kuma bai gama tara guzurin da ɗan tayi ke rayuwa a kai a kwanakin farko ba. Yana da ƙarancin sinadarin gulutatayon, wanda ke kare shi daga lalacewa. Garkuwar da ke rufe ƙofa da zarar ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga ba ta aiki sosai, saboda haka sau da yawa biyu ko fiye sukan kutsa, wanda hakan ke kashe ɗan tayin. Ko bayan an dasa, ɓarin ciki ya fi yawa. Aikin Justine O'Brien da abokanta a Jami'ar Sidni da na Sergio Ledda a Sassari, dukansu a tsakiyar shekarun 1990, ya fito da wannan bambanci fili.

An sami wasu gyare-gyare. Ƙara sinadarin sistiyamin a ruwan nunar da ƙwai yana taimaka masa ya haɗa gulutatayon. Masu bincike a Turretfield sun nuna a 2005 cewa abincin da uwa ta ci lokacin da take da ciki yana shafar ingancin ƙwayayen 'yar da ta haifa, wato ana fara shirin tun kafin a haifi mai ba da ƙwan. An kuma gano cewa ruwan jini da ake zubawa a ruwan reno yana cikin abubuwan da ke sa a haifi 'ya'ya masu girman da ya wuce kima, waɗanda kan wahalar da uwar aro, shi ya sa aka rage amfani da shi.

Matsala ta biyu ita ce rashin tabbas. 'Yan tumaki biyu, sa'o'in juna, a garke ɗaya, a yi musu allura iri ɗaya, wata ta ba da ƙwai ɗari, wata ta ba da biyar. Ga ɗan kasuwa wannan ya fi ƙarancin amfani ciwo, domin ba zai san iyayen aro nawa zai shirya ba. Wani bincike da aka wallafa a Ostareliya a 2020 ya nuna cewa auna homon ɗin AMH a jinin 'yar tunkiya yana iya nuna wadda za ta ba da ƙwai da yawa, ta yadda ba za a ɓata allura da fiɗa a kan wadda ba ta da su ba.

Zaɓe a cikin duhu

Abin da ya fi hana dabarar yaɗuwa a shekarunta na farko yana cikin lissafin Lush ɗin nan. 'Yar tunkiya mai mako shida ba a taɓa yi mata aski ba, ba ta kai nauyin yanka ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Abin da kawai aka sani game da ita shi ne ingancin uwarta da ubanta, kuma 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya sukan bambanta ƙwarai. Abin da aka samu ta wajen rage tazara sai ya zube ta wajen daidaiton zaɓe.

Tun 1991 Michel Georges da Joe Massey suka hango mafita, inda suka ba da shawarar a haɗa ɗibar ƙwayaye da wuri da karanta alamomin gado kai tsaye. A 2001 Theo Meuwissen da Ben Hayes da Mike Goddard suka bayyana yadda za a ƙiyasta darajar dabba daga dubban alamomi da ke warwatse a ƙwayoyin gadonta. A 2009 aka fito da na'urar gwaji mai karanta alamomi kimanin 50,000 a jikin tunkiya. Yanzu ana iya gutsurar ɗan naman kunne ranar da aka haifi 'yar tunkiya, sakamako ya dawo kafin ta cika mako shida.

Sai dai gwajin ba ya aiki shi kaɗai. Alamomin ba su da ma'ana sai an kwatanta su da na dubban tumakin da aka auna ulunsu da namansu da haihuwarsu aka rubuta. Ostareliya ta fara tsarin LAMBPLAN na tara irin waɗannan bayanai a 1989, ta kuma kafa garkuna na musamman don aune-aune a 2007. Wannan jari ne na shekaru masu yawa wanda gwamnati da harajin makiyaya suka biya, kuma duk wanda ya ƙididdige kuɗin JIVET bai sa shi a ciki ba, lissafinsa bai cika ba. Nazarin da Tom Granleese da Julius van der Werf da abokansu na Jami'ar New England ta Ostareliya suka wallafa a 2015 ya nuna cewa amfanin dabarar yana fitowa sosai ne in an haɗa ta da gwajin gado.

Wanda dabarar za ta biya

Kiwon tumaki a irin waɗannan ƙasashe yana da tsari kamar na dala. A ƙoli akwai 'yan garkuna kaɗan masu samar da iri. Su ke sayar da raguna ga masu yaɗawa, su kuma su sayar wa manoma. Rago ɗaya yakan hau tumaki hamsin ko fiye a kaka guda, in kuma ta hanyar ɗura maniyyi ne, dubbai. Saboda haka ɗan tunkiyar da aka kashe kuɗi mai yawa wajen samar da shi a ƙolin dala yana iya biyan kuɗinsa ta hanyar jikoki da tattaɓa-kunne. Ga makiyayin da ke ƙasan dala, wanda 'ya'yan tumakinsa mahauta za su tafi, babu yadda za a yi ta biya. Shi ya sa har yanzu ɗura maniyyi da kuma dasa 'yan tayin da aka wanko daga manyan tumaki suka fi JIVET yawa nesa ba kusa ba.

Sauri kuma yana da nasa haɗari. In 'yan tumaki ƙalilan suka zama iyayen garke duka, kuma zuriya tana juyawa duk shekara, dangantaka takan yi kusa da sauri, abin da ke rage haihuwa da juriya, ya kuma cinye bambancin gadon da ake zaɓe daga cikinsa. Don haka masana ke ƙayyade yawan 'ya'yan da za a karɓa daga kowace uwa da kowane uba, ko da hakan ya rage riba. Akwai kuma ƙorafin masu kare haƙƙin dabbobi game da tsaga cikin 'yar tunkiya mai shan nono, wanda kan iya barin tabon da zai manne kayan ciki, da kuma yadda ake ɗibar jinin goɗiyoyi masu ciki. Masu sayen ulu a Turai sun riga sun nuna cewa irin wannan ƙorafi yana iya taɓa farashi.

Wasu ƙasashe sun ɗauki dabarar don wata bukata dabam. A Sin, inda ake shigo da tumakin nama irin su Dorper da Suffolk da tsada, an gwada ta a gonaki don a yawaita 'yan ƙalilan ɗin da aka sayo cikin gaggawa. A Sifen, inda ake yanka 'ya'yan tumaki da na awaki suna ƙanana, Maria-Teresa Paramio ta Barsalona ta daɗe tana aiki da ma'ajiyar ƙwai da ake samowa daga mayanka, wadda ba ta bukatar fiɗa, amma galibi ba a san asalin dabbar da ta fito daga jikinta ba.

Lissafin Lush bai bambanta Merino da Balami ko Uda ko 'Yankasa ba. Tumakin Nijeriya ma suna da wata fa'ida, domin ba su da kakar barbara tsayayya kamar na ƙasashen sanyi, suna iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, wato tazarar zuriyarsu a gajarce take tun asali. Daga cikin abubuwa huɗun nan, wanda ya fi rauni a garkunan ƙasar shi ne daidaiton zaɓe, tun da in an cire garkunan bincike irin na Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, kaɗan ne ake rubuta ragon da ya hau kowace tunkiya, ko a ɗora ɗanta a kan sikeli ranar yaye.